Me Ya Sa Wiki Ke Buƙatar Zanen Tsarin Shafukansa

Tun da Ward Cunningham ya buɗe wiki na farko a Amurka a 1995, abin da ya sa tsarin ya karɓu shi ne sauƙinsa: kowa na iya buɗe sabon shafi, ya rubuta, ya haɗa shi da wani, ba sai ya nemi izini ba. Wannan sauƙi kuma shi ne kan zama matsala idan shafuka sun yi yawa. Wikin makaranta ko na ma'aikata yakan fara da 'yan shafuka da kowa ya san inda suke. Kafin a ankara sun kai ɗaruruwa, wanda ya tsara su ya bar aiki, sababbin hannu na ta maimaita abin da aka riga aka rubuta domin ba su san yana nan ba. Magani mafi araha shi ne a ɗora wa wikin ƙarin manhaja mai zana tsarin shafukan da kanta, babba a sama, ƙanana a ƙarƙashinsa. A ganina, masu kula da wikin sun fi masu karatu buƙatar wannan zane, domin shi ke tona ɓarnar da ke ɓoye a cikin tsarin.

A MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, hanyoyi biyu ne ake nuna cewa wani shafi yana ƙarƙashin wani. Ta farko ita ce saka alamar / a cikin suna, kamar "Dokoki/Hutu/Hutun haihuwa". Ta biyu ita ce rukuni, inda ake liƙa wa shafi sunan rukuninsa, shi ma rukunin a liƙa masa na sama da shi. Ƙarin manhajar CategoryTree, wadda Daniel Kinzler ya rubuta kuma take aiki a shafukan Wikimedia, mai kula da Wikipedia, takan sa 'yar kibiya a gefen kowane rukuni. Idan ka latsa, sai rassansa su buɗe, tare da adadin abin da ke cikin kowanne. Sauran manhajojin wiki ma na da nasu: DokuWiki na da indexmenu, Confluence na da Page Tree. Mai son zane na sosai, da akwatuna da kibau, yakan koma ga Graphviz, wadda aka ƙirƙira a ɗakunan binciken AT&T. Ban da Graphviz, wadda sai an ba ta bayanan, dukkansu daga wikin kansa suke ɗauko tsarin, saboda haka da an sauya wa shafi wuri, zanen ma zai bi. Wanda aka zana da hannu kuwa, da an ƙara shafi ɗaya ya fara yin ƙarya.

Da an buɗe zanen, ido kan ga abin da jerin sunaye ke ɓoyewa. Ga rukuni biyu, "Makarantu a Katsina" da "Makarantun Katsina", kowanne riƙe da rabin shafukan. Ga reshe ɗaya ya kumbura, ga maƙwabcinsa babu komai a ciki. Ga shafi an binne shi hawa bakwai, alhali kullum ana nemansa. MediaWiki na da shafuka na musamman masu lissafo shafukan da ba su da rukuni da waɗanda babu mahaɗin da ke kaiwa gare su, amma lissafi ba ya nuna gurbin da ya kamata a cike. Wiki mai tasowa irin Wikipedia ta Hausa, inda masu sa-kai da yawa ke rubutu ba tare da sun san juna ba, ya fi kowa amfana da irin wannan dubawa.

Wani zai ce akwatin bincike ya wadatar. Bincike na yi wa wanda ya san sunan abin da yake nema aiki. Sabon ma'aikacin da bai san akwai dokar hutun haihuwa ba, ba zai rubuta ta a akwati ba, kuma bincike ba ya taɓa faɗa maka abin da ba a rubuta ba tukuna. Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce cewa ilimi ba ya tafiya kamar salsala, inda kowane ɗa uba ɗaya gare shi. Shafin Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, yana da gurbi a cikin marubuta waƙa, da malamai mata, da mutanen Daular Usmaniyya. A tsarin Confluence ko na alamar /, dole a zaɓa masa gida ɗaya. Rukunan MediaWiki kuwa sun yarda ya zauna ko'ina a lokaci guda, har akan sami rukunin da, idan ka bi rassansa, sai ka dawo kansa. Wannan suka gaskiya ce, amma abin da take koyarwa shi ne a zaɓi zanen da ya dace. Kundin dokokin ofis ya dace da rassa. Kundin ilimi na buƙatar akwatuna da kibau, waɗanda su ne ma ke fallasa irin wancan zagaye.

Saura batun ɗawainiya. Kowace ƙarin manhaja na buƙatar sabuntawa, kuma tana iya zama ƙofar masu kutse. A watan Afrilun 2023 Wikimedia ta kashe Graph, mai zana jadawalin alƙaluma, saboda matsalar tsaro, shafuka masu yawa suka wayi gari babu zanensu. Ga kuma mai karatu da waya, wanda zane mai faɗi ke cinye masa data bai ga komai ba. Don haka a zaɓi manhajar da ake ci gaba da kula da ita, a taƙaita zanen ga hawa biyu ko uku, a bar sauran su buɗe idan an latsa. Sannan a sa mutum ɗaya ya riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci, yana haɗe rukunan da suka maimaitu, yana sama wa shafukan da suka ɓace wuri, tun da manhajar nunawa kawai take yi.