Kalmomin Nazarin Adabi da Marubutan Hausa na Farko

Masana sun kasa adabin Hausa gida biyu: adabin baka, wanda ake gada daga bakin magabata, da rubutaccen adabi, wanda ke zaune a takarda. Kowane gida kuma yana da rassa uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Kalmomin da ake nazarin waɗannan rassa da su, irin su jigo da salo da amsa-amo, su ne ɗalibin Hausa ke cin karo da su tun daga sakandare a Batsari ko Safana har zuwa Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma. Sun fi sauƙin ganewa idan aka bi su ta hanyar da adabin kansa ya biyo, daga baka zuwa ajami, daga ajami zuwa boko.

Adabin baka shi ne tushe. Tatsuniya ƙagaggen labari ce da ake buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurungus", taurarinta kuwa su Gizo da Ƙoƙi ne. Tarihi, wanda wasu ke kira tarihihi, labarin mutum ne da ya taɓa rayuwa, amma baki ya yi masa ƙari. Ƙasar Ruma, wadda hakiminta ke zaune a Batsari, tana da babban misali a labaran Ɗanwaire, barden da ya yi suna a yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 19. Kirari kuwa jerin kalmomin zuga ne da mutum ke yi wa kansa ko a yi masa, kamar yadda mafarautan Dajin Rugu ke yi in za a fita. Take kiɗa ne da aka keɓe wa mutum guda, da jin sa an san da wa ake. Zambo muzanta abokin hamayya ne a fili, habaici kuma harbi ne a fakaice, ba a kama suna.

Rubutu ya shigo tare da Musulunci, kuma Katsina na cikin garuruwan da suka fara cin moriyarsa. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Yawancin ayyukansu da Larabci ne, ciki har da sharhin da Ɗan Masani ya yi wa Ishiriniya. Waƙar Hausa ta ajami ta bunƙasa sosai a zamanin jihadi, a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da iyalinsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta, wato matan da ta horar, na kai su ga matan ƙauyuka.

Daga wannan zamani aka gaji kalmomin tsarin waƙa. Ɗango layi ɗaya ne, baiti kuma tarin ɗangogi ne da ke tafiya tare. Waƙa mai ɗango biyu a baiti ita ce 'yar ƙwar biyu, mai biyar kuma 'yar ƙwar biyar, kamar Imfiraji ta Aliyu Namangi. Amsa-amo, ko ƙafiya, shi ne gaɓar da ke maimaituwa a ƙarshen ɗango. A 'yar ƙwar biyar, ɗangogi huɗu na farko sukan ƙare da gaɓa guda wadda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, shi ne ƙaramin amsa-amo. Ɗango na biyar kuwa yana riƙe da gaɓa ɗaya tun daga farkon waƙar har ƙarshenta, shi ne babban amsa-amo. Kari shi ne ma'aunin da ke jera gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, an aro shi daga arulin Larabawa. Tahamisi kuma shi ne wani sha'iri ya ɗauki 'yar ƙwar biyu ta wani, ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa.

Rubutun zube na boko ya kafu ne da gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Hannun Katsina a ciki ba ƙarami ba ne. Imam yana malami a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta nasa, yayansa Bello Kagara ya koyar a Kwalejin Katsina kafin ya zama Walin Katsina, Tafawa Ɓalewa ma a wannan kwaleji ya yi karatu.

A waɗannan littattafai ake ganin kalmomin nazarin zube suna aiki. Jigo shi ne saƙon da littafi ya ginu a kansa: ramuwar gayya a Jiki Magayi, jarunta a Ganɗoki, bauta da rabuwar ɗa da uwa a Shaihu Umar. Warwarar jigo ita ce bin labarin daki-daki don nuna inda saƙon ya fito. Tauraro shi ne wanda labari ke zagayawa a kansa, kamar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja, abokin karawarsa kuwa Malam Zurƙe. Zubi da tsari shi ne yadda aka ƙulla sassan labari. A Magana Jari Ce, da Imam ya rubuta cikin juzu'i uku bayan gasar, labari ne a cikin labari, aku na jan zaren. Salo kuma hanyar da marubuci ya bi ne wajen isar da saƙo, shi ya sa ake gane barkwancin Imam da natsuwar Tafawa Ɓalewa ko ba a ga suna a bango ba.

Cikin salo ne adon harshe yake. Idan aka ce jarumi ya tsaya kamar dutse, kamance ne, domin akwai kalmar kwatanci. Idan aka ce jarumin dutse ne kai tsaye, siffantawa ce. Idan aka ce daji ya yi fushi, an ba abin da ba mutum ba halin mutum, shi ne mutuntarwa, kishiyarta kuma dabbantarwa. Kambamawa ita ce zuzuta abu fiye da ƙima, wadda Ganɗoki ya cika da ita, ya kuwa ɗebo ta ne daga kirarin barade.

Wasan kwaikwayo shi ya zo a ƙarshe a rubuce, ko da yake tashe na watan azumi ya daɗe yana yin aikinsa a dandali. Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi suna cikin na farko, kuma ana raba irinsu zuwa kashi da fitowa, maganar 'yan wasa ce ke ɗauke da labarin. Daidaita waɗannan kalmomi duka aikin malaman jami'a ne, musamman Abdulƙadir Ɗangambo a fannin rubutacciyar waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau a waƙar baka, da Ibrahim Yaro Yahaya, wanda littafinsa Hausa a Rubuce na 1988 ya tattara tarihin marubutan.