Inshorar Mota Da Babur: Abin Da Takardar Ke Ɗauka Da Abin Da Ba Ta Ɗauka

Galibin masu motoci da babura a ƙasar nan ba sa tunawa da takardar inshora sai sun hango shingen 'yan sanda. Da yawa daga cikinsu suna karɓarta haɗe da sauran takardun mota, su ninke su ajiye ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba. Alhali kuwa wannan takarda yarjejeniya ce tsakanin mai abin hawa da kamfani, kuma ranar da haɗari ya auku, abin da ke rubuce a cikinta shi zai nuna ko kamfani ne zai biya, ko kuwa ɗan kasuwa ne zai taɓa jarinsa.

Tilasta yin inshorar abin hawa ba sabon abu ba ne a Nijeriya, domin dokarsa ta samo asali tun 1945, zamanin mulkin Turawa. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanoni lasisi tana kuma ƙayyade farashi. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, kuma tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da binciken takardun inshora a dukkan jihohi.

Wadda doka ta wajabta ita ce inshorar ɓangare na uku. Mai mota shi ne ɓangare na farko, kamfani na biyu, na ukun kuwa shi ne duk wanda motar ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa, ko mai wata motar, ko mai rumfa a bakin titi. A tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023, kuɗin motar gida ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, diyyar dukiyar da aka lalata kuma ta tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur yana biyan N3,000 a kan diyyar miliyan 1, keke mai ƙafa uku N5,000 a kan miliyan 2, babbar motar ɗaukar kaya kuwa N100,000 a kan miliyan 5. Waɗannan adadi na dukiya ne kawai. Diyyar rai da ta rauni lissafinsu daban ne.

A nan ne jama'a da yawa ke yin kuskure. Wannan inshora ba ta gyara motar mai ita, ba ta kuma biyansa in an sace ta ko ta ƙone. Mai son wannan kariya sai ya nemi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ke nan motar Naira miliyan 8 za ta ci aƙalla N400,000 a shekara.

Bugu da ƙari, ko cikakkiyar inshorar mota ba ta shafi hajar da ke bayan mota ba. Fataken da ke sauke albasa da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko hatsi a Bodija ta Ibadan, ya kamata su lura da wannan matuƙa. In tirela ta kife a hanya, takardar mai motar ba za ta biya mai kaya ko buhu ɗaya ba, sai in an yi wa kayan tasu inshorar ta daban, wato ta kaya a kan hanya.

Akwai kuma batun faɗin gaskiya tun farko. Kamfani yana sa farashi ne bisa aikin da aka ce abin hawa zai yi. Wanda ya rubuta cewa motarsa ta gida ce, sa'annan ya sa ta haya, ko ya ba yaro babur yana acaɓa da takardar babur na hawa, ya ba kamfani hujjar ƙin biya. Haka nan in direba ba shi da lasisin tuƙi mai aiki. Doka kuma ta tanadi cewa in ba a biya kuɗin inshora ba, to babu kariya, ko da takardar tana hannu.

Faɗuwar darajar Naira tun daga Yunin 2023 ta haifar da wata matsalar. Farashin motoci da kayan gyara ya hau, amma wasu suna ci gaba da sabunta takardunsu a kan tsohuwar daraja don su rage kuɗin da za su biya. Alal misali, motar da a yau ta kai miliyan 8 amma aka rubuta ta a miliyan 4, in an sace ta kamfani ba zai wuce miliyan 4 ba. In kuwa gyara ne na miliyan 2, yarjejeniyoyi da dama sun ba kamfani damar biyan rabi kawai, tun da rabin darajar aka biya wa kuɗi. Ashe araha ba ta ado.

Babbar annoba kuwa ita ce takardun jabu da 'yan kamasho ke sayarwa a harabar ofisoshin lasisi da tashoshin mota. Irin wannan takarda tana iya fitar da mutum daga shinge, amma ranar biyan diyya babu kamfanin da zai amsa sunanta. Don magance haka Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta buɗe rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake shigar da lambar mota ta waya ko ta intanet a ga ko inshorarta ta gaskiya ce.

Ga waɗanda ke ƙyamar inshora saboda dalilin addini, tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi wa motoci da babura rajista. A wannan tsari mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda da ake biyan wanda asara ta samu, kuma in an sami rara a kan raba musu. Masu ƙetare iyaka zuwa Kwatano ko Accra kuwa su tabbatar suna riƙe da katin inshorar ECOWAS, wanda aka fi sani da Brown Card.

In haɗari ya auku, a sanar da 'yan sanda da kamfani ba tare da ɓata lokaci ba, a ɗauki hotuna, kada kuma a yi alkawarin biya a bakin hanya ko a kai mota gareji kafin jami'in kamfani ya duba ta. Wanda kamfani ya ja wa rai ba bisa hujja ba yana da ikon kai kukansa sashen karɓar ƙorafi na NAICOM a Abuja. Amma hujjarsa a can ita ce takardar da ya biya wa kuɗi, don haka ya kyautu ya san abin da ke cikinta tun mota tana lafiya.