Yadda Ake Hasashen Tauri da Ƙarfin Kayan da Aka Ƙarfafa da Zare

Duk wanda ya taɓa yin faskare ya san itace yana tsagewa cikin sauƙi idan gatari ya bi tsawonsa, amma sara shi a gicciye sai an yi gumi. Dalili kuwa shi ne itace haɗin abu biyu ne: zaruruwan selulos da ke jere a tsaye, da lignin mai riƙe su kamar danƙo. Maginin gargajiya da ke kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa irin wannan dabara yake bi.

Injiniyoyi ma sukan jera zaren gilashi ko na kabon cikin wani danƙo mai daskarewa da ake kira ifoksi. Kusan rabin nauyin jirgin sama na Boeing 787, wanda ya fara tashi a 2009, irin wannan haɗi ne. Tun da rayukan fasinjoji sun dogara a kansa, wajibi ne a san halinsa kafin a ƙera shi.

Abu biyu ake nema. Tauri shi ne yadda abu ke ƙin miƙewa ko lanƙwasa. Ƙarfi kuwa shi ne nauyin da zai ɗauka kafin ya karye.

Hasashen tauri ba shi da wuya. Ana auna shi da gigapaskal: zaren gilashi yana da kimanin 70, ifoksi kimanin 3. Mu ɗauka zare ya cike kashi 60 cikin 100 na haɗin. Idan aka ja shi ta tsawon zaren, su biyun tare suke miƙewa, saboda haka a ninka taurin kowanne da kasonsa, a tara: (0.6 × 70) + (0.4 × 3) = 43.2. Wannan lissafi ya samo asali daga aikin Woldemar Voigt na 1889. Amma idan aka ja a gicciye, danƙon ne zai fi miƙewa, kuma lissafin August Reuss na 1929 ya ba da kimanin 7 kacal. Shi ya sa ake shimfiɗa zaren hawa-hawa, kowane hawa yana fuskantar wani ɓangare.

Ƙarfi shi ne mai wuyar hasashe, domin karyewa tana farawa ne daga wuri mafi rauni. A farkon shekarun 1920, A. A. Griffith na Ingila ya nuna cewa siririn zaren gilashi ya fi kakkaura jure ja gwargwadon kaurinsa, saboda ƙananan tsagogin da ke cikinsa ba su da girma. Kumfar iska ɗaya a cikin danƙo, ko wurin da zare bai manne sosai ba, yana iya rushe lissafi. Don haka ko da kwamfuta ta ba da amsa, sai an ja samfuri a ɗakin gwaji har ya tsinke.

Malamai na iya gwada wannan a aji: a ba ɗalibi ganyen masara ya yage shi ta tsawon jijiyoyinsa, sannan a gicciye, ya faɗi wanne ya fi wuya da kuma dalili.