Akwatin Lasifika: Aikin Da Ke Neman Haƙurin Kafinta

A Minna, wadda ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, da wuya mako ya wuce ba biki ko wa'azi ko taron da ke bukatar lasifika. Saboda tsadar ta kanti, wasu samari sukan sayi lasifikar tsurarta, su harhaɗa mata akwati a tsakar gida.

Mai koyo yakan zaci akwatin ado ne kurum, alhali kuwa shi ne rabin aikin. Takardar lasifika tana tura iska gaba da baya. In ba a raba su ba, sautin baya sai ya cinye na gaba, kaurin murya ya ɓace, a bar mutum da ƙara kamar ta gwangwani. 'Yar kafa ɗaya a kusurwa ta isa ta ɓata aikin mako guda.

Katakon da ya dace shi ne fulawud mai kaurin milimita 18. Siraran fallayensa a gicciye aka manna su, shi ya sa ba ya saurin kumbura da danshin daminar Minna, wadda takan kai daga Afrilu har Oktoba. Allon garin katako kuwa yana da arha, amma ruwan sama ɗaya ya ishe shi.

Ƙusa kaɗai ba ta jure girgiza; sai an haɗa da gam da sukur, a shimfiɗa soso a ciki. Girman akwati ma ba da ka ake yanke shi ba: tun 1961 injiniya Neville Thiele na Ostareliya ya fitar da lissafinsa.