Mai Barcin da Ya San Mafarki Yake Yi

A shekarar 1871 wani masani ɗan Ingila, Edward Tylor, ya yi hasashen cewa mafarki ne ya fara cusa wa ɗan Adam yarda da kurwa, daga nan kuma alloli. Mutum ya ga mahaifinsa da ya rasu yana yi masa magana, sai ya ɗauka wani abu nasa bai mutu ba. A ganina hasashen na da rauni, domin babu yadda za a gwada shi. Sai dai ya dogara a kan abin da kowa ya sani, wato mai mafarki yakan ɗauki abin da yake gani gaskiya ne.

Ba kullum ba. Akwai mafarkin da mutum kan farga a cikinsa, ya san mafarki yake yi, alhali bai farka ba. Masana sun daɗe suna shakkar wannan, tun da mai barci ba ya iya ba da shaida.

Ido ne ya raba gardama. A lokacin barcin da aka fi mafarki, ƙwaƙwalwa takan sassauta gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, amma takan bar ido yana motsi. A 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya shirya da wani mutum cewa da zarar ya farga, ya juya idanunsa hagu da dama. Na'ura ta nuna alamar, mutumin kuwa yana ta sharar barci. A 2021 masu bincike a Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka ba da rahoton cewa sun yi wa masu irin wannan mafarki tambayoyi, har da na lissafi mai sauƙi, wasunsu kuma suka amsa daidai.