Manhajoji Masu 'Yanci da Sana'ar Zane da Ɗab'i a Ƙasar Hausa

Kanya Babba gari ne a ƙaramar hukumar Ɓaɓura, cikin jihar Jigawa. Saurayin da ya sami kwamfuta a irin wannan gari, ya kama shago don tsara katin gayyatar biki, da kalanda, da hotunan 'yan takara, abu na fari da zai tarar shi ne injin kaɗai ba ya aiki sai da manhaja, watau tsararren umurnin da ke tafiyar da shi. Manhajojin da masu sana'ar suka saba da su kuwa, kamar Photoshop da CorelDRAW, na kamfanonin ƙetare ne, da kuɗin ƙetare a ke biyansu. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma ba da hayar sababbin manhajojinsa wata-wata maimakon sayarwa, sa'an nan a 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai. Saboda haka galibi kwafin sata a ke ɗorawa, ga saɓa doka, ga cutar kwamfuta da kan biyo shi ta lalata aikin mako guda.

Akwai wata hanya, wadda Richard Stallman ya share a Amurka a 1983, sa'ad da ya fara shirin GNU. A Turanci kalma guda ce ke ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, abin da ya daɗe yana rikita mutane. Hausa ta huta da wannan, gama ta raba su. 'Yanci a ke nufi. Kowa yana da iznin yin aiki da manhajar, da duba asalin rubutunta, da gyara ta, da ba waninsa. Lasisin GPL, wanda ya fito a 1989, ya ƙara sharaɗi guda: wanda ya gyara ya rarraba, tilas ya bar wa na bayansa iznin da shi ya samu. Abin da ya fi kusa da wannan a wurin malamai shi ne waƙafi, kamar rijiyar da aka haƙa a bakin hanya, kowa ya ɗiba, ba mai kewaye ta da danga. Amma kwatancin bai cika ba, domin lasisin bai hana karɓar kuɗi a kan kwafi ko a kan koyarwa ba.

Mai gyaran hoto yana da GIMP, wadda ɗalibai biyu suka fara a Jami'ar Kalifoniya a 1995. Mai zanen tambari yana da Inkscape, mai tsara shafin littafi Scribus, mai tace murya Audacity, mai haɗa bidiyo Kdenlive. Labarin Blender ya fi na sauran ban sha'awa. Kamfanin da ya mallake ta a Holan ya karye a 2002, sai masu aiki da ita suka yi karo-karo na yuro 100,000 cikin mako bakwai, suka fanshe ta, aka sake ta ga kowa. Da ita aka yi Flow, fim ɗin zane na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. Wanda ke cewa kayan kyauta ba ya kai wa ga aikin ƙwarai, wannan ya ishe shi amsa.

Sai dai abin da ya fi shafar masu nazarin Hausa shi ne haruffa. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa, da ta fara fita a 1939, ta zaunar da su a idon masu karatu. Yawancin zubin haruffan ado da masu zane ke ƙauna ba su da waɗannan, sai mai shago ya yar da lanƙwasa ya wuce. Ta haka baƙi ke komawa baki a katin biki, ƙafa ta zama kafa, Ɓaɓura kanta ta zama babura, jam'in babur. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubi kamar Charis da Gentium da Andika, masu ɗauke da haruffan duka, a ƙarƙashin lasisin sakin haruffa da ta tsara a 2005. Ta kuma fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun ajami na Kano. Kowane mai shago yana iya sauko da su daga intanet ba da ko kwabo ba.

Ba a ce hanyar ba ta da gargada. Maɗaba'u da yawa a Kano da CorelDRAW su ke aiki, su kan nemi a kawo musu aiki a sigarta; Inkscape tana iya buɗe irin wannan fayil, amma ba ta ajiye aiki a cikinsa, sai a bi ta PDF, wani mai injin kuwa ya ƙi. GIMP ta daɗe da rauni wajen launuka huɗu na injin ɗab'i, gara a gama aikin a Scribus. Blender tana son inji mai ƙarfi da wuta tsayayya. Babbar wuya ita ce sabo: almajiri abin da maigidansa ya iya shi ya ke koyo.

Nan ne makarantu ke da ta cewa. A Kazaure akwai Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, a Ɓaɓura kuma an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Malamin da ya koyar da GIMP yana iya ba kowane ɗalibi kwafi ya tafi da shi gida bisa halal. Lasisin kuma ya yarda a juya kalmomin da ke fuskar manhajar zuwa Hausa ba tare da neman iznin kowa ba. Wannan aiki na masana harshe ne, gama kafin a fassara sai an daidaita sunan da za a ba kowane abu, tun daga shimfiɗun da a ke jera hoto a kansu har zuwa matakan haske da duhun launi.