Ilektron a Shimfiɗe: Abin da Haske da Maganaɗisu Ke Yi Musu

Duk ɗalibin da ya karanci rayuwar tsirrai ya san yadda ganyen gero a gonakin Bacirawa ke cin moriyar rana. Haske kan sauka a kan koren sinadarin kulorofil, ya zaburar da ilektron, su bi ta wani siririn tantani, shuka ta samu kuzarin haɗa abinci. Mu masu nazarin halittu galibi a nan muke tsayawa. Masana fiziya kuwa suka ci gaba da tambaya: yaya ilektron za su kasance idan aka tsare su a shimfiɗa mai tsawo da faɗi, amma kusan babu kauri?

Bakin fensirinka tarin irin wannan shimfiɗa ne. A 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka ɓare falle ɗaya da salatif, mai kaurin ƙwayar zarra guda. Sunansa girafin, kuma kashi 2.3 cikin ɗari kacal yake sha na hasken da ya ratsa shi.

To, a kawo maganaɗisu mai ƙarfi, a kuma sanyaya shimfiɗar matuƙa. Nan take ilektron za su daina tafiya kai tsaye, su riƙa kewayawa kamar akuya a turke. Kuzarinsu ya koma hawa-hawa kamar matakan tsani, babu mai tsayuwa a tsakani. Saboda haka ba kowane haske za su karɓa ba, sai wanda kuzarinsa ya yi daidai da tazarar matakan. Da wannan ne masana ke auna abin da ido ba ya gani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne binciken Daniel Tsui da Horst Störmer na 1982. Ilektron ba sa ga maciji da juna, amma da tura ta kai bango sai suka haɗu suka zama tamkar ruwa guda, har cajin lantarki ya bayyana a sulusin na ilektron ɗaya. Robert Laughlin ne ya fayyace dalili, su ukun suka raba kyautar Nobel ta 1998.

Kafin su, a 1980, Klaus von Klitzing ya gano cewa turjiyar lantarki a irin wannan shimfiɗa kan kafe a adadi ɗaya, wato om 25,812.8, ko kashi-kashinsa. Tabbacin adadin ya sa yana cikin ginshiƙan da aka dogara da su wajen sabunta ma'anar kilo a 2019, kilon da ake auna riɗi da shi a kasuwar Dawanau.